Mujallun Jima'i na Ƙarƙashin Ƙasa da Rigimar 'Yanci a Ƙasashen Yamma

Tsakanin tsakiyar shekarun 1960 da tsakiyar na 1970, wasu ƙananan jaridu da mujallu sun yi tashe a biranen Amurka da na Yammacin Turai, waɗanda suka ɗauko maganar jima'i daga inda aka saba yin ta cikin raɗa suka ɗora ta a shafin farko, suna iƙirarin cewa yin hakan reshe ne na gwagwarmayar siyasa. Ana ce musu na ƙarƙashin ƙasa, ko da yake a fili ake sayar da yawancinsu a bakin titi da ƙofar jami'o'i da shagunan faya-fayen waƙa, saboda sun tsaya a wajen manyan kamfanonin ɗab'i da dillalan jaridu, kuma kullum ƙafarsu ɗaya tana kotu. Sun fito ne daga guguwar bijire wa al'ada, wato yunƙurin matasan da suka yi fatali da tsarin rayuwar iyayensu na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka haɗa adawa da yaƙin Biyetnam da wariyar launin fata da sabon salon kiɗa da abin da suka kira 'yancin jima'i, ma'ana cire hannun hukuma da coci da dangi daga abin da baligai suka yarda su yi tsakaninsu. Wanda ya bi tarihin mujallun a tsanake zai ga cewa buƙatu uku ne mabambanta suka fake a inuwa ɗaya, wato buƙatar marubuci ya rubuta ba tare da tsoron kurkuku ba, da buƙatar mutum ya sami sahihin bayani game da jikinsa, da kuma buƙatar ɗan kasuwa ya sayar da sha'awa, kuma muddin doka tana dukansu da sanda ɗaya, babu wanda ya damu ya rarrabe su.

Wannan sanda tsohuwa ce. A 1868 wata kotun Ingila, a shari'ar da aka sani da sunan Hicklin, ta kafa ma'aunin cewa rubutu ya zama batsa idan zai iya ɓata tarbiyyar mai raunin zuciya da rubutun ka iya faɗawa hannunsa, wanda hakan ke nufin ana auna littafin manya da hankalin yaro, kuma sakin layi ɗaya ya isa a haramta littafi dungurungum. Ma'aunin ya bi mulkin mallaka zuwa ƙasashe da dama, har ana samun irin lafazinsa a dokokin Indiya da Najeriya. A Amurka kuwa dokar Comstock ta 1873, wadda ta ɗauki sunan Anthony Comstock da ya yi fafutikar kafa ta sannan aka ba shi aikin sa ido a gidan waya, ta hana aika duk wani abin batsa ta gidan waya, ta kuma saka bayanin hana ɗaukar ciki a cikin jerin. Da wannan doka aka tuhumi Margaret Sanger, mai fafutikar hana ɗaukar ciki, a 1914 saboda jaridarta, da irin waɗannan dokoki kuma aka tare littafin Ulysses na James Joyce har zuwa 1933. A nan babban kuskuren masu tace rubutu yake, domin da suka ƙi bambanta takardar ungozoma da hajar dillalin hotuna, sai suka bai wa dillalin rigar da ba tasa ba, ya riƙa tsayawa a sahun likitoci da marubuta a matsayin wanda aka zalunta.

Ta fuskar tunani, matasan sun jingina da mutum biyu da suka yi hijira daga ƙasashen da ke magana da Jamusanci. Wilhelm Reich, almajirin Sigmund Freud da ya yi hannun riga da malaminsa, ya koyar da cewa danne sha'awa a cikin gida shi ne yake horar da mutum ya saba da biyayya ga azzalumin shugaba, don haka babu juyin siyasa sai da juyin jima'i. Hukumomin Amurka sun ƙona littattafansa a 1956, ya kuma mutu a kurkuku a 1957, kuma ko da yake an ɗaure shi ne saboda saɓa umarnin kotu game da wasu akwatuna da yake iƙirarin suna warkar da cuta, matasan sun ɗauke shi a matsayin wanda ya mutu a kan aƙida. Herbert Marcuse ya fi shi zurfi, kuma a 1964 ya yi gargaɗin da mabiyansa suka toshe kunne gare shi, cewa tsarin jari-hujja yana iya sakar wa sha'awa mara da kansa domin ya mayar da ita haja, mutane su ɗauka sun 'yantu alhali an ƙara ɗaure su ne da kasuwa. A gefe guda rahotannin Alfred Kinsey na 1948 da 1953 sun nuna tazarar da ke tsakanin abin da Amurkawa ke faɗa da abin da suke aikatawa, sannan amincewa da ƙwayar hana ɗaukar ciki a 1960 ya rage tsoron da ya daɗe yana riƙe da mutane fiye da wa'azi.

Kotuna ne suka buɗe ƙofar, sannu a hankali kuma cikin rashin tabbas. A shari'ar Roth ta 1957 Kotun Ƙolin Amurka ta ce tsarin mulki bai kāre batsa ba, amma ta ƙuntata ma'anarta, ta ce sai an dubi aikin gaba ɗayansa da idon matsakaicin mutum na wannan zamani. Shekara guda bayan haka kotun ta dogara da wannan hukunci ta wanke ONE, wata ƙaramar mujalla ta masu neman jinsinsu da aka kafa a Los Angeles a 1953, wadda shugaban gidan waya na birnin ya riƙe fitowarta ta Oktoban 1954. A Landan kuma, a 1960, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun wanke kamfanin Penguin da ya buga Lady Chatterley's Lover na D. H. Lawrence, bisa sabuwar dokar 1959 da ta ba da damar kāre littafi da hujjar amfaninsa ga adabi. Amma shari'ar Ralph Ginzburg a Amurka ta nuna cewa ƙofar ba ta gama buɗuwa ba. Mujallarsa Eros, mai tsada da kyan bugu, sau huɗu kacal ta fito a 1962, kuma a 1966 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin da aka yi masa da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, tana kafa hujja da yadda ya tallata mujallar fiye da abin da ke cikinta. Masu nazari da dama suna ganin hotunan baƙin namiji da farar mace da aka buga a fitowa ta huɗu suna daga cikin abin da ya harzuƙa hukumomi, a lokacin da jihohin kudancin ƙasar suke haramta aure tsakanin baƙi da fari.

Da a ce bugu bai yi arha ba, da duk wannan ya tsaya a zauren lauyoyi. Sabuwar hanyar ɗab'i da ke ɗaukar hoton shafi ta mayar da shi farantin bugu ta kawar da buƙatar jera haruffan dalma da ƙwararrun ma'aikata, ta yadda mutum biyar a ɗakin haya za su buga rubutu da tafireta, su yanyanka shi da almakashi, su manna shi da gam a kan farin kwali tare da zane da hotunan da suka tsinto, su kai maɗaba'a da dare, gari na wayewa dubban kwafi suna hannun matasa masu dogon gashi da ke sayarwa a titi suna cin ladan kowane kwafi. Haka Los Angeles Free Press ta fara a 1964, Berkeley Barb da East Village Other suka biyo baya a 1965, International Times ta fito a Landan a 1966, sannan Oz, wadda aka kafa a Sidni ta Ostireliya a 1963, ta buɗe reshen Landan a 1967. A 1966 jaridu biyar suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa wadda ta ba kowace izinin sake buga abin da 'yar'uwarta ta wallafa kyauta, don haka zane ɗaya yakan zagaya birane da yawa cikin 'yan makonni.

Sai dai takarda da tawada suna buƙatar kuɗi, kuma a nan ne jima'i ya tashi daga matsayin aƙida ya koma jari. Manyan kamfanoni ba sa ba irin waɗannan jaridu talla, kamfanonin faya-fayen waƙa da suka riƙa bayarwa kuma sun ja baya a ƙarshen shekarun 1960, a daidai lokacin da hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ke neman hanyoyin karya jaridun. Abin da ya rage shi ne ƙananan tallace-tallace na shafukan baya, inda masu neman abokan hulɗa da gidajen tausa da masu ɗaukar hoto da ke neman mata suke biyan kuɗin kowane layi, editoci kuma suka lura cewa hoton mace tsirara a bango yana ƙara ciniki a makon da ya fito. Berkeley Barb ta Max Scherr ta zama misali, domin shafukan gaba suna la'antar jari-hujja, na baya kuma suna sayar da jikin mata, har ma'aikatanta suka yi yajin aiki a 1969 kan ƙarancin albashi suka fice suka kafa tasu jaridar. Lokacin da aka ware tallace-tallacen jima'i zuwa wata mujalla daban a 1978, Barb ba ta wuce 1980 ba, abin da ya nuna wane ɓangare ne yake ɗauke da nauyin ɗaya.

Daga nan ne mujallun da suka keɓanta ga jima'i suka fito, kuma biyu daga cikinsu sun isa su nuna fuskoki biyu na lamarin. Screw, wadda Al Goldstein da Jim Buckley suka kafa a Niyok a Nuwamban 1968, ba ta ɓoye cewa kasuwanci take yi ba, ta haɗa hotunan batsa da zagin 'yan siyasa da sharhin fina-finai, an kama Goldstein sau da yawa, kuma gwamnatin tarayya ta kai shi har jihar Kansas domin ta sami masu yanke hukunci masu ra'ayin riƙau, amma shari'ar ta ƙare a 1977 ba tare da an ɗaure shi ba. Suck kuwa, wadda Jim Haynes da William Levy da Heathcote Williams da Germaine Greer da abokansu suka fara a Amsterdam a 1969 don guje wa dokar Birtaniya, ta ɗauki kanta a matsayin gwaji na falsafa, inda masu karatu da editoci za su bayyana kansu ba tare da ciniki ko kishi ba. Sau takwas ta fito kafin ta mutu a 1974, kuma ta ɓarauniyar hanya ake shigar da ita Birtaniya. A wannan tsakani ne Denmak ta soke haramcin rubutun batsa a 1967 da na hotuna a 1969, ta zama ƙasa ta farko da ta yi haka, kuma waɗanda suka fi cin moriyar sokewar kamfanonin fitar da haja ne zuwa ƙasashen da haramcin bai ɗage ba.

A Birtaniya hukuma ta mayar da martani da shari'o'i biyu da suka bar tabo. An hukunta masu International Times saboda buga tallan maza masu neman maza, aka kuma tabbatar da hukuncin a kotu mafi girma a 1972 bisa laifin haɗa baki don ɓata tarbiyyar jama'a, duk da cewa dokar 1967 ta cire irin wannan hulɗa ta sirri tsakanin manya daga jerin laifuka a Ingila da Wales. A 1971 kuma aka gurfanar da Richard Neville da Jim Anderson da Felix Dennis kan fitowa ta 28 ta Oz, wadda suka bar wasu ɗaliban sakandare suka tsara, aka shafe kusan makonni shida ana shari'a, aka yanke musu ɗaurin wata 15 da 12 da 9, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin saboda alƙalin ya karkatar da masu yanke hukunci. Abin da ya fito daga baya ya zubar da mutuncin masu gabatar da ƙara, domin a 1977 an ɗaure wasu manyan jami'an sashen 'yan sandan Landan mai yaƙi da batsa saboda sun daɗe suna karɓar cin hanci daga dillalan unguwar Soho. Masu kuɗin sun sayi kariya, matasan da ke zagin gwamnati su ne aka kai kotu, kuma wannan ya ƙarfafa zargin cewa siyasar mujallun ake farauta fiye da hotunansu.

Adalci yana buƙatar a faɗi abin da waɗannan jaridu suka samar. A cikinsu ne matasa da yawa suka fara karanta bayani ƙarara game da cututtukan da ake ɗauka ta jima'i da inda asibitocin kyauta suke, a lokacin da makaranta da gida suka yi shiru, kuma shafin amsa tambayoyin lafiya yana daga cikin waɗanda aka fi karantawa. Sun fallasa yadda 'yan sanda ke ɗana wa mutane tarko su tatse su, sun kuma faɗaɗa filin da marubuta da masu zane da masu fim suke aiki a ciki har yau.

Suka mafi ƙarfi da aka yi wa mujallun daga cikin ofisoshinsu ta fito. Matan da ke buga tafireta da dafa shayi da manna shafuka sun lura cewa 'yancin da ake wa'azi a kai ya zama sabon wajibi a kansu, domin wadda ta ce a'a sai a kira ta baƙauya mai tsohon tunani, kuma su ne kullum a bango tsirara, mazan kuwa sunayensu ne a jerin editoci. A farkon 1970 mata suka ƙwace jaridar Rat ta Niyok bayan ta fitar da bugu na musamman kan batsa, Robin Morgan kuma ta wallafa a cikinta maƙalar da ta yi bankwana da shugabannin 'yan gwagwarmaya maza tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. A Landan, Marsha Rowe da Rosie Boycott, waɗanda suka yi aiki a jaridun ƙarƙashin ƙasa, sun kafa Spare Rib a 1972. Ita kanta Greer ta fice daga Suck bayan an buga hotonta ita kaɗai, saɓanin yarjejeniyar cewa dukan editoci za su fito tare. Tambayar da waɗannan mata suka ɗaga ita ce wadda Reich bai amsa ba, wato me yarda take nufi tsakanin mutum biyu da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, ɗaya yana riƙe da albashi da suna da na'urar ɗaukar hoto, ɗaya kuma tana neman kuɗin haya.

Mafi munin abin da wannan makanta ta haifar ya shafi yara. Tunanin cewa kowace iyaka danniya ce ya sa wasu a cikin yunƙurin suka kasa tsayawa inda ya wajaba a tsaya, har wasu fitattun masana a Faransa suka sa hannu a takardun koke a 1977 suna neman sassauta dokokin da ke kāre ƙananan yara. A Denmak, sokewar 1969 ta bar giɓin da 'yan kasuwa suka yi amfani da shi suka ci zarafin yara suna sayar da hotunan, kuma sai a 1980 ƙasar ta toshe shi, bayan Amurka da Birtaniya sun kafa nasu dokokin a 1978. Babu wata hujjar 'yanci da za ta wanke wannan, kuma duk tarihin lokacin da ya tsallake shi bai cika ba.

Yayin da ƙananan jaridun ke shan dukan kotu, manyan 'yan kasuwa ne suke bin bayansu suna mamaye filin da aka share. Playboy, wadda Hugh Hefner ya kafa a Shikago a 1953, ta sayar da kwafi fiye da miliyan 7 na fitowar Nuwamban 1972, Penthouse ta tsallako daga Birtaniya zuwa Amurka a 1969, Hustler ta biyo baya a 1974, dukansu da takarda mai sheƙi da lauyoyi da hanyoyin rarrabawa da jaridar ɗakin haya ba za ta iya gogayya da su ba. Kwamitin da aka kafa a Amurka zamanin Shugaba Johnson ya ba da shawara a 1970 a soke dokokin da ke hana manya sayen irin wannan haja, Majalisar Dattawa ta yi watsi da rahoton da ƙuri'a 60 a kan 5, Shugaba Nixon ma ya ƙi shi. A 1973 shari'ar Miller a Kotun Ƙolin Amurka ta kafa ma'aunin da ake bi har yau, wanda ya bar wa kowace al'umma ta auna da mizaninta, ya kuma kāre duk aikin da ke da ƙima ta gaske a adabi ko fasaha ko siyasa ko kimiyya. Gargaɗin Marcuse ya tabbata cikin shekara goma, domin siyasar ta zube a hanya, hajar ce ta isa kasuwa.

Su kansu masu fafutikar 'yancin mata sun rabu biyu a kan abin da ya kamata a yi. Andrea Dworkin da Catharine MacKinnon sun tsara dokar da za ta bai wa macen da batsa ta cutar damar neman diyya, birnin Indianapolis na Amurka ya amince da ita a 1984, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da soke ta a 1985 saboda ta ci karo da 'yancin faɗin albarkacin baki. Wasu matan kuma sun yi gargaɗin cewa duk makamin tace rubutu da aka miƙa wa hukuma, a kan marasa ƙarfi za a fara gwada shi, kamar yadda aka yi a zamanin Comstock. Ɓullar cutar ƙanjamau daga 1981 ta kawo ƙarshen tunanin cewa jima'i ba shi da farashi, kaset ɗin bidiyo ya janye masu saye daga takarda, intanet kuma ta ƙarasa abin da ya rage, har Screw ta durƙushe a 2003.

Sauyin da ya fi tasiri a fagen doka ya zo ne a 1982, a shari'ar Ferber, inda Kotun Ƙolin Amurka ta ce hotunan cin zarafin yara ba su da wata kariya ko da ba su cika sharuɗɗan Miller ba, saboda cutar tana cikin yadda aka samar da su da kuma yadda suke ci gaba da yawo. Tun daga Hicklin, fiye da shekara ɗari, alƙalai da editoci suna gardama ne a kan abin da hoto zai yi wa zuciyar mai kallo, ɗaya ɓangaren yana cewa zai lalata ta, ɗayan yana cewa zai 'yantar da ita, wanda aka ɗauki hotonsa kuwa ba a cika tambayarsa ba. Dokokin baya-bayan nan da suka haramta yaɗa hotunan sirri na mutum ba da izininsa ba, irin wadda Ingila da Wales suka kafa a 2015, sun bi wannan sabuwar hanya, domin abin da kotu ke bincika a ƙarƙashinsu shi ne ko wanda ke cikin hoton ya yarda a yaɗa shi.